Alli Mai Yatsa Uku

Na taɓa ƙona ƙashin mutane, na daka shi a turmi, na cura, na sayar wa matan Kurfi suna shafawa a yatsu. Lokacin da na yi ban sani ba. Amma rashin sanin ma laifina ne, don an koya mini yadda ake sani.

Sana'ar gidanmu alli ce. Ba irin wanda malaman boko ke zane da shi a bango ba, allin kaɗi. Mutanen yanzu sai an yi musu bayani, to bari in yi. A zamaninmu babu gidan da za ka wuce da hantsi ba ka ji mazari yana gurnani a cikin sakaina ba. Mace ta gama surfe, ta ɗora tukunya, sai ta jawo taskirar audugarta ta zauna a inuwa. Hagu tana riƙe da auduga, dama tana murza mazari. Yatsa kuwa yana gumi, in ya yi gumi mazari ya dinga zamewa, zare ya yi dauɗa ya tsinke. Shi ya sa kowace mai kaɗi take da ɗan curin alli a gefenta, fari, bai fi ƙwan zabo ba. Ta dangwala, ta murza. Wata sai ta lasa yatsan kafin ta dangwala. Masu ciki har gutsura suke yi su tauna, wai ransu ne ke so. Duk rigar da ka gani a wuyan namiji a lokacin, duk zanen da ka gani a ƙugun mace, har likkafanin da za a naɗe su a ciki, sai da alli ya taɓa zarensa.

Allin kuwa ƙashi ne, ba wani abu ba. In mahauta sun yi yanka sai mu bi rumfunansu da na masu tuwo mu kwaso: ƙafa, haƙarƙari, kai. A shanya a bayan gari kwana da kwanaki. Ungulu su yi nasu, tururuwa su yi nasu, rana ta ƙarasa. Sannan a haƙa rami, a shimfiɗa busasshen kashin shanu, a jera ƙashi, a rufe da kara da itace, a sa wuta. Warin ba shi da misali. Ƙauri ne mai maiƙo, yana kama riga, yana kama gashi, yana kama tuwon da za ka ci. Don shi aka ba kakanmu wuri can bayan gari, inda iska ke kai hayaƙi daji. In wuta ta ci ta mutu, ƙashi ya koma fari fat, kana taɓa shi yana rugujewa. A daka, a tankaɗe da rariya, a kwaɓa da ruwan ƙaro, a cura, a jera a tabarma. Kafin ya bushe sai a danna masa yatsa uku a ka. Wannan ce shaidar gidanmu. Tsofaffin mata dillalai su ke zuwa su ɗauka su shiga da shi gidaje, daga Kurfi har Tamawa, wani lokaci har kasuwar Dutsin-Ma. Mace ta juya curi ta ga yatsa uku, ba ta tambayar komai.

Abin da ya sa ba ta tambaya, babanmu ya riga ya tambaya. Mutum ne marar magana, amma yana da guda ɗaya da yake maimaitawa har ta gundure ni: “Ƙashin da ba ka san wuƙar da ta yanka shi ba, kada ya shiga raminka.” Ba mushe, ba jaki, ba kare, ba abin da aka tsinta a daji. Ya ce abu ne da ke shiga bakin matan mutane, yana shiga rigar sallarsu, yana bin su kabari. Na taɓa ganinsa ya juye kwando guda a juji don ya ga ƙashi ɗaya da bai gane ba. Na ce masa asara ce. Ya dube ni ya ci gaba da aikinsa.

Ya rasu ina da mata da ɗiya ɗaya, gemuna bai gama haɗuwa ba. Rami ya zama nawa, yatsa uku suka zama nawa.

A shekarun nan ne masu mota suka fara sayen ƙashi. Ban san inda suke kai shi ba, an ce ƙasar Turawa, an ce taki ake yi da shi, an ce kwano. Za su tsaya a Dutsin-Ma da ma'auninsu, a kawo buhu-buhu, su auna su loda. Ba sa buɗe buhu. Nan da nan ƙashin da muke kwasa kyauta ya zama abin rububi. Mahautan da ke roƙonmu mu kwashe musu ƙazanta suka fara ɓoye shi a bayan rumfa. Ga shi an cire auduga, an yi gurza, mata sun zauna kaɗi, ni kuwa ramina ya yi sanyi. Dillalai suka zo ƙofata sau uku suka koma hannu wofi. A na ukun ɗaya daga cikinsu ta ce, “In ba ka iyawa ka faɗa, ɗan nan. Akwai mai yi a Dutsin-Ma. Ubanka bai taɓa sa mu takowa a banza ba.”

Washegari sai ga Gajere. Wani mai jaki ne, ba shi da tsayayyar sana'a, shi ke yawon tara wa masu mota ƙashi. Ya sauke buhu a bakin ramina da hantsi yana dariya.

“Ɗan mai alli, ga rabonka ya biyo ka gida. Mota ba ta zo ba, ni kuwa ba ni komawa da kaya.”

Na ce, “Na wace wuƙa ne?”

“Wuƙa? Kai ma ka gaji surutun tsofaffi? Fulani suka yi biki a ruga, shanu uku suka kayar. Ka ɗauka ko in tahi.”

Na kwance bakin buhu na sa hannu. An riga an farfasa shi gutsi-gutsi. Ba nauyi. Launinsa launin ƙasa. Na kai hanci, babu wari ko kaɗan. Ƙashin biki ko ya yi wata uku yana da maiƙo, wannan kuwa kamar busasshen itace. Hancina ya gaya mini, hannuna ya gaya mini. Na ƙi ji. Na tuna maganar tsohuwar nan, na ce masa ya bar buhun.

Ban zazzage a ƙasa na tsince ba yadda aka koya mini. Na kama gindin buhu na juye rabi cikin rami, na rufe da kara, na sa wuta. Hayaƙi ya tashi siriri. Inna, mahaifiyata, tana bayan danga tana shanyar gero, ta ɗago kai.

“Yau wutarka ba ta wari.”

Na ce, “Ƙashin ya bushe ne, Inna.”

Allin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba. Fari kamar nono, laushi kamar garin alkama. Na danna masa yatsuna uku ɗaya bayan ɗaya. Dillalai suka kwashe shi a yini guda. Tsohuwar da ta yi mini gori ta murza shi a tafin hannu ta ce, “Kai, ubanka ma bai taɓa yin irin wanga ba.” Na ji daɗi. Har yau in na tuna daɗin da na ji a lokacin sai na tofar da yawu.

Bayan kwana shida na zo ƙona sauran. Wannan karon babu gaggawa, sai na zazzage shi a ƙasa. Ina baza shi da ƙafa sai wani guntu ya gangaro gefe, lanƙwasasshe, da haƙora huɗu a jikinsa. Na ɗauka. Na san haɓar saniya, na san ta rago, na san ta jaki da ta kare don in guje su. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Haƙoran gajeru ne, shafaffu, a jere. Na daɗe ina dubawa. Sai na ga hannuna ya tafi da kansa ya kama tawa haɓar, yana aunawa. Na sake tona tarin, na sami wani siririn ƙashi da awarwaron tagulla a maƙale, ya yi kore. Ƙarami ne, na mace. Na durƙusa a bakin rami na amayar da abin da na ci tun safe.

Na sami Gajere a Dutsin-Ma, wurin ma'aunin masu mota, yana cin rogo. Na ja shi gefe na buɗe masa bakin aljihun da na sa haɓar a ciki.

Ya leƙa, ya ci gaba da taunawa. “To, sai mi?”

“Ina ka samo?”

“Can ƙetaren Tamawa, wani kufai a bakin rafi. Ruwan bana ya zabtare gaɓa, ya tono su, suna nan zube. Ni ban haƙa ba, tsinta na yi. Wa ya san su? Garin ma ya tashi tun kakana bai yi wayo ba.”

“Ka ce mini Fulani suka yi biki.”

“Kai kuma ka yarda? Kai ne fa mai sanin ƙashi, ba ni ba. Waɗanga masu mota buhu nawa na kawo musu, ba su taɓa tambayata ba. Ƙashi ƙashi ne.”

Ban doke shi ba. Da duka zan yi, da kaina ya kamata in fara.

Na biya wurin kawuna, ƙanen Inna, mai sayar da hatsi ne, mutum mai lissafin duniya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya duba hagu da dama, ya rage murya. Ya ce wuta ta riga ta ci, toka ba ta da suna. Ya ce in mayar da sauran bakin rafi in rufe da ƙasa, in rufe bakina da shi. “Wa ya gani? Kai da Allah. Shi kuwa Mai gafara ne, mutane ba su yi. Ka buɗe baki, ka kashe sana'ar da kakanka ya bar muku. Ɗiyarka ma sai ta rasa mai aure.” Gaskiya ya faɗa. Duk abin da ya ce zai faru ya faru, ban da na ƙarshen.

Na dawo gida da azahar da niyyar bin shawararsa. Na tarar da Inna a gindin bedi tana kaɗi. Shekara biyu ke nan tana tara zaren likkafaninta, ba ta yarda wani ya kaɗa mata, ta ce ba ta son shiga ƙasa da aikin ragwaye. Ga curin sabon allina a gefenta, ta ci rabinsa da yatsa. Ina tsaye ta lasa yatsa, ta dangwala, ta murza. Ta sake lasa.

Na ce, “Inna, aje.”

“In aje mi?”

Na fito da haɓar na aje a kan tabarmarta, na gaya mata. Mazarin ya yi ta juyi shi kaɗai har ya faɗi. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zage ni ba. Ta ɗaga yatsunta farare ta daɗe tana dubansu. Sannan ta ɗauki curin nan da hannu biyu, kamar yadda ake ɗaukar jariri, ta aje shi kusa da haɓar.

“Gida nawa ya shiga?”

“Ban sani ba.”

“To ka tahi ka sani. Ka kwaso mutanen nan ka kawo su wuri ɗaya. Ba alli ba ne, iyayen wasu ne.”

Na gaya mata abin da Kawu ya ce. Ta ce, “Kawunka gero yake sayarwa. Tashi.”

Abin da mutanen yanzu ba za su gane ba, namiji ba ya shiga gidan wani ya yi magana da matarsa. Alli kayan mata ne, ta hannun dillalai yake shiga, mazan gidan ma ba su san ana sayensa ba. Na roƙi dillalan su karɓo mini a asirce. Da suka ji dalili suka watse, kowace tana tsoron a ce ita ta kai. Ɗaya ce kawai ta yarda ta lissafa mini gidajen, daga bayan ƙofa. Saboda haka sai na tsaya a zaure, in yi sallama, maigida ya fito, in gaya masa da bakina. Ba sau ɗaya ba. Kowane zaure sai na faɗa sabo: allin da ke hannun iyalinka, mai yatsa uku, ƙashin mutum ne, ni na yi shi, a ba ni. Wani ya yi tsaye kamar an dasa shi. Wani ya shiga ciki, sai ka ji kururuwa ta tashi, sai a jefo curin ta kan katanga ya fashe, in durƙusa in tsince har garin. Wani ya ce ƙarya nake, haukan hayaƙi ne ya kama ni. Kwana tara ina wannan yawo da ƙwarya a hannu, daga unguwannin Kurfi zuwa Tamawa. Tun a kwana na biyu labari yake riga ni isa. In na doso, masu zama a dakali su janye ƙafafunsu.

A wani gida maigidan ya shiga ya daɗe. Ya fito da ɗan guntun da bai fi ƙwayar gyaɗa ba a tafin hannunsa.

Na ce, “Ina sauran, maigida?”

Ya ce, “Cikinta wata bakwai. Ta cinye.”

Ya sunkuya ya cire takalminsa na fata ya kwaɗa mini a baki. Giɓin da ke nan gaba, nasa ne. Ban kare ba. Na karɓi guntun na sa a ƙwarya. Yaron an haife shi lafiya, ya girma, ya yi gemu, ya yi furfura, bai taɓa gaishe ni ba. Ban ga laifinsa ba.

Abin da na tara bai kai abin da na fitar ba. Sauran ya tafi cikin zare, cikin ciki, cikin ƙasar tsakar gidaje. Na haɗa da tokar da na kankare daga rami, da garin da ya maƙale a turmi, da sauran buhun, na kai wa limamin unguwarmu. Tsoho ne tukuf. Wani da ke zaune wurin ya ce a fara bincikawa, ko Musulmi ne ko Maguzawa ne mutanen kufan. Liman ya ce, “'Yan Adam ne. Kawo ƙyalle.” Aka naɗe su a farin ƙyalle, curi da toka da haɓa da awarwaro, na haƙa kabari da hannuna a gefen maƙabarta da safe, muka binne su. Mu huɗu ne. Kawu bai zo ba. Bayan nan na koma bakin rafin da fartanya na rufe waɗanda Gajere ya rage.

Liman ya ce duk zaren da aka kaɗa da allin a wanke shi, ya wadatar. Mata da yawa ƙonawa suka yi. Inna ta wanke nata sau uku ta shanya, ta kai wa masaƙi. Na ce mata ta bari in sayo mata sabon fari a kasuwa.

Ta ce, “Wurinsu za ni. In akwai abin da ya saura a zaren, na kai musu abinsu.”

A cikinsa aka naɗe ta bayan damina uku.

Ban sake kunna rami ba, ko na kunna babu mai saye. Matan da ke da tsohon allinmu na zamanin babanmu, mai tsarki, shi ma suka zubar, don yatsun iri ɗaya ne. Aka sa mini suna, ba zan maimaita shi ba. Turmin na faskare shi, ramin na cike. Na yi dako, na yi haƙar rijiya, na yi noman ƙodago. Gajere ya ci gaba da kai wa masu mota buhu har ya yi rufin kwano, ana ba shi wuri a sahun gaba. Ba a daɗe ba kuma zaren kanti ya cika kasuwa, mazari ya koma abin wasa, mai yin alli na Dutsin-Ma shi ma ya rufe raminsa ba tare da ya ƙona kowa ba. Kawu ya same ni a bakin rijiya ya ce, “Ka gani? Da ka yi shiru, da sana'ar ta mutu da kanta, kai kana da sunanka.” Na ce masa na gani.

Yanzu babu mai tambayar wuƙa. Komai a leda yake zuwa, a ƙulle, da zane a jiki. Mutum ya yage ya zuba a miya, ya shafa a fuska, ya ɗura wa jariri, bai san ko mene ne ba, bai san hannun da ya yi ba, kuma ba ya jin kunyar rashin sanin. Duniya duk ta zama ta masu mota, a auna a loda. Jikata malamar makaranta ce, takan biyo ta nan in an tashi, hannunta fari har wuyan hannu. Rannan na ce mata wannan allin naku da me ake yin sa. Ta ce wai wani farin dutse ne ake niƙawa, haka aka ce. Na ce wa ya ce. Ta yi dariya ta ce, “Kaka, kai dai da tambaya. A kwali yake zuwa.” Na ce ta wanke hannu kafin ta taɓa mini kwano.

Ina Dutsin-Ma yanzu, a zauren ɗana, idona ɗaya ya tafi. Igiya nake tukawa ina sayar wa masu awaki. Ramar a bayan gidan nan take fitowa, ni nake shuka ta.